Kitson Da Inna Ta Tsefe

"Wa ya yi mata kitso?!"

Maman Mitsi ta ja ta tsaya a ƙofar falo. Ga Mitsi nan, 'yarta mai shekara huɗu, zaune a kujera tana lilo da ƙafa. An zuba mata kalba guda takwas reras, kan sai sheƙi yake da man gashi.

Mijinta yana ɗaure igiyar takalmi, ya ƙi ɗagowa.

"Inna ce."

"Kai kana ina?"

"Na ɗan kishingiɗa... ta ce a ba ta ita mu huta."

Awa ɗaya tak Maman Mitsi ta runtsa bayan asuba, awa ɗaya! Ta fizgo takardar asibitin da ke cikin jakarta ta miƙa masa har kusa da hanci, duk da ya fi ta haddace abin da ke ciki. A wanke kai da sabulu zalla, ba mai, ba kitso. Kada yarinya ta yi barci fiye da awa huɗu, don ta yi shi a ɗakin gwaji. A iso ƙarfe tara daidai.

Wata uku suka yi suna jiran wannan ranar. Tun lokacin da Mitsi ta fara tsayawa cak ana tsakiyar magana, cokali a hannu, ido a kafe, sannan ta ci gaba kamar ba a yi ba. Likita ya ce sai an liƙa mata wayoyi a ka an ga yadda ƙwaƙwalwarta ke aiki kafin ya san maganin da zai ba ta. Wanda ya rasa layinsa kuwa, sai wani wata ukun.

Shi kuma gogan naka, me ya faɗa wa mahaifiyarsa da ke zaune tare da su? Wai ido za a duba. Har da cewa likitan idon ne ya hana barci. Ƙaryar da ko Mitsi ba za ta saya ba.

"Abban Mitsi, je ka faɗa mata gaskiya. Yanzu."

"Rage murya, don Allah."

"Na rage wata uku! Ko uwar da ta haife ni ban faɗa wa ba, saboda ka roƙe ni."

"Kin san Inna da hawan jini..."

"Ni kuma dutse ce?"

Ya kamo hannunta. "Haba zumata, mu lallaɓa mu tsefe a mota, ba sai ta..."

Ta zare hannun. Tana son mutumin nan, son da har haushin kanta take ji, amma yau ta ƙoshi da lallaɓawa.

"A mota zan wanke man? Saurara. Ko ka buɗe baki, ko in ɗauki 'yata mu tafi mu kaɗai. Daga asibitin kuma kada ka jira ni, gidanmu zan wuce."



Ta ɗauko tsinken tsifa a kan madubi. Ba ta kai ga kan yarinyar ba sai ga Inna ta fito, mayafi a kafaɗa, jaka a hammata.

"Da ni za a je, in ga wannan likitan idon mai hana mutane barci." Idonta ya sauka a kan tsinken. "Au, kitson ne bai yi miki ba, 'yar nan?"

Kunya ta rufe Maman Mitsi. Shekara biyar ba ta taɓa musa wa matar nan ba, yau ga ta za ta warware aikin hannunta a gaban idonta. Ta dubi mijinta. Shi takalminsa yake kallo.

Mitsi ce ta yi tsalle ta sauko.

"Inna ƙawata! Yau za a sa min wayoyi a kai, irin na 'yar tsanata! Mama ta liƙa mata zare ja da kore, ba ta yi kuka ba, ni ma ba zan..."

Maganar ta tsaya. Idon ya kafe, ɗan bakin a buɗe.

Can Maman Mitsi ta jiyo wata murya ƙasa-ƙasa.

"...bakwai, takwas, tara."

Inna ce ke ƙirgawa.

"...yi kuka ba!" Mitsi ta ƙarasa tana dariya.

"Jiya sha ɗaya ta yi," in ji Inna, ba tare da ta kalli kowa ba. Ta ajiye jaka, ta miƙa hannu. "Kawo tsinken. Ni na kitsa, na fi ki sanin inda bakin yake. Ke ɗora ruwa. Kai kuma kauce mana, tunda tsayuwa ka iya."

Ƙarfe takwas saura kwata. Sau uku suka wanke kan, Inna na cuɗawa, Maman Mitsi na zuba ruwa, Mitsi na tsala ihu wai sabulu ya shiga idonta. Ba wanda ya ƙara cewa uffan game da likitan ido.

A mota kuma sai barci ya ce bismillah. Kan Mitsi ya fara lanƙwasa, uwar na jijjiga ta, Inna na tafa mata hannu tana tsokana.

"Raguwa! Ni tsohuwa idona biyu, ke kin faɗi?"

"Abba..." Mitsi ta kira cikin magagi. "Wayoyin za su ja ni? Irin naka?"

Gyaran lantarki ne sana'arsa, kullum cikin kashedi yake kada ta taɓa masa waya. Maman Mitsi ta hango idonsa a madubi, ya kaɗa ya yi ja.

"A'a, uwata. Nawa wuta suke kaiwa. Waɗannan ba sa kai komai, saurare kawai suke yi."

"Me za su ji?"

"Duk surutun da kike ɓoyewa a kai."

"Tab! Za su gaji."

Tara saura minti huɗu suka shiga ɗakin gwajin. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai labule mai kauri, da gado ɗaya, da na'ura a kan tebur. Ma'aikaciyar ta tsaga gashin Mitsi da yatsa, ta murza fatar kan, ta duba yatsan.

"Madalla, ba mai. Da yawa a nan muke mayar da su gida."

Ta auna kan da tef, ta ɗiɗɗiga alama da jan fensir, ta shiga liƙa wayoyin ɗaya bayan ɗaya da wani farin abu mai danƙo. Mitsi ta ƙanƙame 'yar tsanarta mai zare a ka, ba ta yi kuka ba. Sannan matar ta jawo takarda.

"A dangin uwa ko na uba, akwai wanda ya taɓa yin irin wannan, ko farfaɗiya?"

"Babu a wajenmu," in ji Maman Mitsi.

Mijinta ya kawar da kai. "Mu ma ba..."

"Akwai."

Duk suka juya wajen Inna.

"Rubuta, 'yata. Ƙanwar ɗana, wannan da kike gani. Haka ta fara, da kafewar ido. Na ɓoye ta a ɗaki don gudun bakin mutane, ban kai ta ko'ina ba. Tana shekara bakwai abin ya same ta a cikin bahon wanka." Ta nuna ɗanta. "Shi na bar wa tsaronta na je kasuwa. Shekararsa tara. Ni na ce ya riƙa cewa zazzaɓi ne, ni na hana a ƙara kiran sunanta a gidana. Laifina ne, ba nasa ba. Rubuta duka."

Maman Mitsi ta san mijinta ya yi ƙanwa, ta san ta rasu, zazzaɓi aka ce mata. Ta waiga wajensa, sai ƙofa ta gani tana rufuwa, ya fice.

"Mutum ɗaya zai zauna da ita, zan rage haske ta yi barci," in ji ma'aikaciyar.

Inna ta yunƙura za ta fita. Wata uku Maman Mitsi tana shirin wannan zaman, har waƙar da za ta yi wa 'yarta ta zaɓa. Ta dubi tsohuwar, ta ga yadda idonta ya ƙi barin kan yarinyar.

"Zauna, Inna. A jikinki ta fi saurin barci."

Ta sami mijinta a baranda daura da ƙofar, zaune a benci, fuska cikin tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza. Ta zauna a gefensa har jikinsu ya haɗu.

"Ƙwallo na fita bugawa," ya ce da ƙyar. "Minti biyar kawai... Duk lokacin da Mitsi ta kafe ido, ita nake gani. Na kasa faɗa wa Inna, na kasa faɗa miki."

"Yaro ne kai, masoyina. Ɗan shekara tara."

Ya daɗe yana kuka, ta bar shi ya yi. Ta ƙaramin gilashin ƙofa tana hango Mitsi ta yi lamo a cinyar Inna, wayoyi sun zubo mata kamar sabon kitso, layuka na tafiya a fuskar na'urar.

Ya share ido da bayan hannu, ya dube ta a tsorace.

"Daga nan... ina za ki?"

Ta saƙala yatsunta cikin nasa.

"Gida. Amma yau za ka ba ni labarinta duka. Fara da sunanta."