Shaidar Tsohuwar Budurwarsa

"Duk duniyar nan a rasa mai ba da shaida sai ita?"

Injiniya ya ajiye makullin mota, ya dubi matarsa. "Haba Zinariyata! Kin ji alƙali da kunnenki. Ya ce dokar wata ƙasa ba ta cikin saninsa, sai masani ya zo ya rantse ya bayyana ta. In ba a kawo masani ba, zai ɗauka dokarsu irin tamu ce."

Ta san ma'anar hakan. A can ƙasar da suka yi karatu aka ɗaura aurensu, Baffanta kuwa ya kai ƙara, wai babu aure tunda bai sa hannu ba. In aka auna da dokar gida, Baffa ke da nasara.

Masanin da aka samo kuwa ita ce lauyar da Injiniya ya shekara uku yana neman aurenta kafin ya san Zinariya!

"Awa biyu ka yi a ofishinta..."

"Takardu muka duba."

"Takardun ne suke fesa turare?"

Kishi kumallon mata, ranar ko ruwa bai wuce mata ba. Ta tabbata matar za ta rama, don wa zai ɗinke auren da ya hana shi nasa?

Ranar shari'a lauyar ta shigo da jakar littattafai. Haushi ya ƙara kama Zinariya, don matar kyakkyawa ce, babu ƙarya.

Lauyan Baffa ya miƙe. "Malama, gaskiya ne kin taɓa son mijin nan?"

Lauyar ta dube shi kai tsaye.

"Gaskiya ne."

"To yaya kotu za ta yarda da ke?"

"Ranka ya daɗe," ta dubi alƙali, "da son raina zan bi, cewa zan yi auren bai ɗauru ba. Amma na rantse. A dokar ƙasar, amincewar su biyun da shaidu ta isa. Ga sashen, ga hukuncin kotunsu."

Alƙali ya karɓa, ya tabbatar da auren. Baffa ya fice yana ƙunƙuni.

A bakin ƙofa Zinariya ta riƙe hannun lauyar, hawaye na zuba. "Yaya... ki yafe mini zargin da na yi miki."

"Ki riƙe shi da kyau," kawai ta ce, ta wuce.

Injiniya ya buɗe baki zai yi godiya, Zinariya ta damƙe hannunsa gam.

"Na gode mana mu biyu. Kai dai kalli gabanka!"