Ƙullin Dangwali

Ran kasuwar Illela ne, da hantsi, wata mota ruwan toka ta shigo garejin Sharafuddeen tana gurnani kamar an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Sharafuddeen mai gyaran wutar mota ne, saurayi marar yawan magana.

Mai motar ya fito yana dariya. Abdulmalik ke nan, ɗan farin Malam Jaɓɓo, Bafulatanin da ya zauna da shanunsa a gefen Gidan Katta. A bayansa ƙanwarsa Haulatu ta fito, riƙe da ƙwaryar da ta sayar da nono.

"Maigida, ga marar lafiya," in ji Abdulmalik. "Mai canza giya da kanta ce, amma yau ta ƙi. Wani ya ce in sayo sabon giyabos."

"Kar ka saya tukuna."

Sharafuddeen ya jona kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna masa lamba. Ya ɗauki mita ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga wani soket da ya yi tsatsa. Ya goge shi, ya mayar.

"Giyarka lafiya lau take. Akwai ƙaramar kwamfuta da ke gaya mata lokacin canji. In wuta ta yanke mata, sai motar ta tsorata, ta maƙale a giya ta uku, ko ka taka ta ba ta ja." Ya ɗora yatsa kan wata jar waya. "Wagga ita ke kai mata wuta. Kowa ya ce zai jawo wani abu daga nan, hana shi."

"Awo, Likita, mun ji!"

Haulatu ta rufe baki da gefen mayafi, ta dubi wanta. "Hamma, ashe mota ma tana jin tsoro?"

Sharafuddeen ya ɗago ya dube ta, mitar ta kusa faɗuwa daga hannunsa.

"Mi kika ce?"

"Ba da kai nake ba, Likita."

Abdulmalik ya ga komai, ya kuma ji daɗin abin. Shi da kansa ya ba da lambar wayarta. Yaran yanzu ba su san kunyar aike ba, komai a waya suke yi, amma dai shi Sharafuddeen bai taɓa rubuta abin da zai ji nauyin a karanta gaban manya ba.

Wata rana ya rubuta mata: "Haulatu, ke ce giyata ta ɗaya. Da ke nake tashi kowace safiya."

Ta amsa: "To ka bi a hankali, Likita. Hanyar gidanmu duk rairayi ce."

Sharafuddeen ya je gaisuwa Gidan Katta. Malam Jaɓɓo ya karɓe shi da ƙwaryar kindirmo, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Dattijo ne mai tsananin kunya irin ta mutanensa. Tun da aka haifi Abdulmalik bai taɓa kiran sunansa ba, don ɗan fari ne. Sai dai ya ce "wancan", ko "mai motar nan". Ko da yaron ya sa wa motar wata ƙatuwar oda irin ta tirela, yana danna ta tun daga nesa har maruƙa su firgita, iyakar abin da uban ya ce shi ne, "A gaya wa wancan ya rage hauka." Yana faɗa yana ɓoye murmushi.

Damina na tsakiya aka kawo labari. Abdulmalik, da wani abokinsa a motar, ya fito zai wuce wata babbar mota a hanyar Sakkwato, ya danna oda, motarsa ta ƙi ja. Wata na tahowa daga gaba. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Sharafuddeen na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ba a gama zaman makoki ba magana ta fara yawo. Mukhtar, ɗan ƙanen Malam Jaɓɓo, wanda ya daɗe yana son Haulatu, shi ya fara furta ta.

"Wanda ya tsira a motar ya ce giya ce ta maƙale. To wa ya taɓa wayoyin giyar? Ba wanga ɗan Illela ba?"

Mutane suka ɗauka suka yi ta juyawa, ba wanda ya tsaya ya tambaya. Motoci suka ragu a gareji. Daga baya saƙon Malam Jaɓɓo ya iso ta bakin wani dattijo: hannun da ya taɓa motar nan ba zai riƙe masa ɗiya ba.

Haulatu ta rame. Ta rasa wa, ga shi za ta rasa miji, kuma a cikin ranta ba ta san abin da za ta gaskata ba. Ranar da ta kasa daurewa ta rubuta:

"Likita, an jawo motar tana bayan garke. Ka zo ka duba ta gaban Baffa. In aikinka ne, ka gaya mini, zan yi haƙuri. In ba shi ba ne, ka wanke kanka. Rashin sani ke cina."

Ya zo bayan la'asar da batir da kayan aikinsa. Malam Jaɓɓo na tsaye da sanda, Mukhtar na gefensa, Haulatu na can jikin danga. Gaban motar ya lotse, amma cikinta da saura. Sharafuddeen ya fara da soket ɗin da ya gyara, ya same shi tsaf yadda ya bar shi. Ya duba fiyus ɗin kwamfutar giya, ya ƙone. Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari yana bin jar wayar da yatsa.

Nan hannunsa ya tsaya.

An feƙe jar wayar, an murɗa mata wata siririya, wadda ta bi ta gefe har zuwa ƙatuwar odar. Duk dannawar da aka yi, daga abincin kwamfutar take ja, har ranar da fiyus ya gaza. Kuma ba makaniki ne ya yi haɗin ba.

Ya daɗe a kwance. Yana fitowa ya mayar da murfin wurin, ya karkaɗe rigarsa.

"Mi ka gani?" in ji Malam Jaɓɓo.

Sharafuddeen ya dubi dattijon. Idanunsa sun faɗa, rawaninsa ya yi masa yawa.

"Baffa, abin da na gani ba zai dawo da shi ba. Allah Ya jiƙansa."

"Kun ji ko!" in ji Mukhtar. "Ya rasa ta cewa."

Sharafuddeen ya tattara kayansa ya tafi. Yana hanya saƙonta ya shigo: "Ashe kai ne?"

Ya tsaya gindin wata bishiyar bedi ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Abin da ya tura shi ne: "Ki kula da Baffa, Haulatu. Ki yafe mini."

Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Amma abu ɗaya ya tsaya mata a rai: ta ga lokacin da ya mayar da murfin nan, a hankali, kamar mai lulluɓe marar lafiya. Da safe bayan tatsa ta je ta cire shi.

Ta ga jar wayar, ta tuna yatsansa a kanta ran kasuwa, ta tuna gargaɗinsa da dariyar Hamma. A kan haɗin ba salatif ba ne. Zaren roba ne da aka yanko daga tsohon tib na taya, an ɗaure shi da irin ƙullin da ake yi wa dangwali, igiyar da ake jera maruƙa a kai. Ƙullin gidansu ne, mai kunne biyu.

Ta zauna a ƙasa, ta kifa kai a kujerar motar. A haka uban ya same ta.

"Tashi, ɗiyata. Mi ya kawo ki nan?"

Ta so ta rufe wurin da mayafinta. Ya kawar da hannunta, ya sunkuya. Shi ya koya wa ɗansa ƙullin nan, tun bai kai tsawon ɗan maraƙi ba.

"Wagga wayar ina ta nufa?"

"Wurin oda, Baffa." Ta nuna masa da yatsa. "Likita ya hana a taɓa jar. A gabana ya faɗa."

Dattijon ya shafa ƙullin da babban yatsa. Bai yi kuka ba. Ya ce a kira masa yaron Illela, a kira Mukhtar da dattawan da suka ji maganar farko.

Da suka taru, ya dubi Sharafuddeen.

"Ka gani jiya, ka yi shiru. Don mi?"

"Baffa, ni ina da rai, zan iya ɗaukar zargi. Shi ba ya nan balle ya ba da haƙuri. Kuma ban so ka riƙa tuna shi da wanga abu."

Malam Jaɓɓo ya jingina da sandarsa. Bakinsa ya motsa sau da yawa kafin sauti ya fito.

"Abdulmalik," ya ce. Mata a bayan danga suka fashe da kuka, don ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinsa. "Abdulmalik ɗana ne, aikin hannunsa ne, kwanansa ne ya ƙare. Na yafe masa. Kai kuma ka yafe mini. Shi ya fara kawo ka gidan nan, ba zan kore abin da ya kawo ba. Ka turo manyanka."

Mukhtar ya sunkuyar da kai, ya miƙa wa Sharafuddeen hannu.

Bayan kaka aka ɗaura aure, ba kiɗa, ba jerin motoci masu oda. Da za a tafi da amarya, uban ya sa mata sabon dangwali cikin kayanta, ya ba ta karsana biyu, ya juya da sauri ya nufi garke.

A ɗakinta na Illela, Sharafuddeen ya tarar da ita tana juya igiyar a hannu, hawaye na zuba.

"Giyata ta ɗaya, yau ma kuka?"

"Da Hamma na nan, da ya cika garin nan da oda."

Ya zauna kusa da ita, ya riƙe ɗaya bakin igiyar.

"Ki koya mini ƙullin. In Allah Ya ba mu namiji, kin san sunansa."

"To ai ba za mu iya kiransa ba, Likita. Ɗan fari ne."

"Kakansa zai kira mana shi."

Allah Ya jiƙan Abdulmalik, Ya ba Malam Jaɓɓo haƙuri, Ya zaunar da waɗannan yara lafiya, Ya ba su zuri'a mai albarka.