Gyaran da Ban Roƙa Ba

"Rubuta," in ji Yaya. "Ina tsaye."

Yana tsayen kuwa, a bayan kujerata, ya dafa teburin cin abinci inda nake aikin ofis duk ranar da nake gida. Mama tana bakin ƙofar kicin da tsumma a hannu, ta ƙi yarda mu haɗa ido.

"Yaya, don Allah..."

"Auta, ba zan maimaita ba. Mutum da 'yarsa, matarsa ta rasu, ke ko kanki ba ki gama riƙewa ba. Ki sallame shi yau, a gabanmu."

Sakatariyar ofishinmu ce ta kawo gulmar har gida. Ta daɗe tana kai wa Injiniya, wannan masoyin nawa, kwamfutarta lafiya lau tana cewa ta lalace. Da ta ga ko ɗago kai ba ya yi, sai ta nemo lambar Yaya. Ban ce Allah ya isa ba, amma na kusa.

Yaya ya miƙo mini wayata. Na ture ta gefe.

"Bari in tura masa imel. Ya fi ɗaukar abin da ya gani a can da muhimmanci."

Wayo na yi, har ina yaba wa kaina.

Laftop ɗina tana da wata cuta da kowa a sashenmu ya sani. A ofis, sabar kamfani, babbar kwamfutar da saƙonninmu ke bi ta cikinta, ta san duk na'urar da ke kan layinta, ba ta tambayar kowa komai, saƙo sai ya wuce. Daga intanet ɗin gida kuwa sai ta nemi suna da kalmar sirri kafin ta bari ya fita, ni kuma ba a taɓa saita mini wannan ba. Duk abin da na tura daga gida sai ya maƙale a akwatin jiran fita har in koma ofis. Injiniya, mai kula da kwamfutocinmu, ya sha cewa in kawo ya gyara. Ina ƙi. In ya gyara, da wace hujja zan riƙa leƙa ofis a ranakun gida?

Na rubuta cewa mu haƙura da juna. Ina buga madannai da ƙarfi don Yaya ya ji daɗi.

Ya sunkuyo ya karanta.

"Wannan ya yi laushi. Gobe zai dawo yana lallashi. Ƙara abin da zai sa ya cire rai."

Na ƙara layi ɗaya. Ban tsaya tunani ba, yatsuna ne suka tafi da kansu. Ai ba mai karantawa, in ji zuciyata, Yaya yana fita zan goge.

Na danna.

Na jira jan rubutun nan da ke cewa saƙo bai tafi ba.

Bai zo ba.

Na duba akwatin jiran fita... wayam.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Yaya, ya ɗauki makullin motarsa.

Ban iya cewa amin ba. Na miƙe zumbur na rufe laftop ɗin. Mama ta matso ta taɓa goshina.

"Lafiya, Auta?"

"An kira ni ofis, Mama."

Ta san ƙarya nake yi. Ta ɗauko mini jakata.

A ɗakin saba na sami Injiniya, ɗan ƙaramin ɗakin nan mai sanyi da ƙarar na'urori. Yana durƙushe yana ɗaure igiyoyi. Kullum in na shigo sai ya ce, "Ga Rigimammiyata." Yau sai ya ce, "Sannu da zuwa."

"Yaushe ka taɓa mini laftop?"

"Jiya, kina ɗakin taro." Bai juyo ba. "Kalmar sirrinki tana ajiye a ciki, abu ɗaya kawai na kunna. Na ga yadda ruwa ya dake ki rannan don kawai ki zo ki tura rahoto. Na so in ba ki mamaki."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ashe kaina na ba."

"Masoyi, ka saurare ni. Yaya ne ya tsaya a kaina. Na zaɓi imel ne don na san ba zai fita ba. Wallahi gogewa zan yi..."

"Na yarda."

"Ka yarda?"

"Na san yayanki, na kuma san wayonki." Ya miƙe yana goge hannu a wando. "Da saƙon ya shigo, sai da na yi ta addu'a a ce wani ne ya ari sunanki. Amma ni na saita abin. Sabar ba ta sakin saƙo daga waje sai ta tabbatar mai shi ne."

Na matsa kusa. Na ɗauka an wuce wurin, har hawayen daɗi sun fara taruwa.

Ya ciro wayarsa.

"Duk na sama maganar Yaya ce, na ji muryarsa a ciki. Wannan na ƙarshen fa?"

Ya karanta a hankali, yadda likita yake karanta sakamako.

"Ba zan iya kallon yarinyar nan kullum ina ganin fuskar uwarta ba."

Ɗakin ya ƙara sanyi.

"Yayanki bai taɓa ganin 'yata ba," ya ce. "Hoton mahaifiyarta kuwa, ke kaɗai na taɓa nuna wa."

Na buɗe baki. Ina son yarinyar nan, Allah shaida. Na yi mata kitso a mota, na san ba ta barci sai da fitila. Amma tsoron nan ma gaskiya ne, ya daɗe kwance a ƙirjina, ban taɓa faɗa wa ko matashin kaina ba. Na nemi in ƙaryata shi, na rasa ta inda zan fara.

"Ka ba ni lokaci," na ce. "Zan koya. Don Allah, rabin raina..."

"Da ni kaɗai ne, da na jira ki har tsufa." Idonsa ya yi ja. "Ita ba ta da uwar da za ta kai wa ƙara in ta gane."

"Ba za ta gane ba."

"Yara suna ganewa."

Ya duba agogo, ya ɗauki jakarsa. Lokacin tashin makaranta ya yi.

"Na ce mata za ki zo ranar hutu. Ta ware miki kofinta mai fure." Ya tsaya a bakin ƙofa, bai waiwayo ba. "Bari in je in san abin da zan ce mata a hanya."