Tsohuwa da Tumakinta Masu Tsutsar Ciki

A can wani zamani, a wani ƙauye na bakin fadama, an yi wata tsohuwa mai tumaki tara. Da damina ta yi nisa, tsutsar ciki ta kama su. Suna ci suna ramewa, ga zawo.

Mai maganin dabbobi ya ce, "Iya, ki ɗura musu wannan maganin, ki daina kai su fadama, don can suke kwaso tsutsar. Sai dai ki riƙa kai su tudu."

Tudu da nisa, ga ciwon gwiwa. Kullum ta hau, kullum ta sauko a gajiye. Duk da haka biyu suka mutu.

Maƙwabcinta ya ce, "Iya, ki kai sauran kasuwa tun ba a gane ba, ki huta."

Ta daɗe tana matsa gwiwarta, hutun yana ba ta sha'awa. Can ta ce, "Wanda ya saya fa? Ya kai tsutsa garkensa, gajiyata ta koma kansa?"

Washegari ta ɗauki sandarta. Ta ci gaba da hawa tudu da su tana saukowa, har aka shiga kaka. Bakwai ɗin suka murmure.

Ranar da ɗaya ta haihu, tsohuwa ta zauna kusa da ɗan ragon, ta miƙe ƙafafu, barci ya kwashe ta da rana tsaka.