Farin Dutsen Mararraba

Gidanmu a gindin tuddai yake, kuma Baba ɗan jagora ne. Baƙi sukan zo hutu da manyan takalma da sanduna, ya hau da su su ga kwazazzabai da ruwan da ke zubowa daga sama, su sauko da yamma ƙafafu sun yi tsami. Hanyar ba ta da allo. Tarin duwatsu ne alamarta tun zamanin kakanni, kowane tari yana hango na gabansa.

Abin da ke cin ran Baba shi ne, a ƙofar maƙwabcinmu mai shayi hanyar take saukowa. Can baƙi ke hutawa, can suke kwana. Wata la'asar ya ce in ɗauko buhu. Muka rushe tari bakwai, muka sake jera su ta yadda ƙafa za ta kawo mutum ƙofarmu. A tari na bakwai, na mararraba, akwai wani farin dutse mai santsi kamar ƙwai. Washegari wata baƙuwa ta yaba shi, Baba ya jefa mata shi a jaka yana dariya, wai tsaraba.

Ranar da abin ya fara, rana ta yi ja a kan tuddai, Inna tana kwashe shanya. Auta, ƙanwata, tana wanke kofunan baƙi tana tsokanata, wai mai ƙafar zalɓe, in na hau tudu iska za ta kwashe ni. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Muka saurara. Wani ya biyo baya, a hankali, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Kaji suka yi tsit.

Daga nan kowace magariba sai mu ji takun sawu. Mutane da yawa, suna shigowa tsakar gida, su yi ta tafiya har jikin katanga, su tsaya. Ba ka ganin kowa. Tsayuwar ce ta fi tsorata ni, irin ta wanda hanya ta ƙare masa bai san inda yake ba.

A rana ta biyar Auta ta ajiye kofi, ta rufe idanu, ta shiga laluben bango da tafin hannu. Inna ta kira ta, ba ta waiwayo ba. Da ta buɗe baki, muryar wani dattijo ce ta fito, tana tambaya ina ruwan yake.

Aka ɗauko malam daga bayan tudu. Ya sa aka zaunar da ita kan tabarma, ya dafa kanta, ya daɗe yana karatu har gumi ya jiƙa masa wuya. Sannan ya tambayi wanda ke ciki me yarinyar ta yi masa.

“Ba ta yi komai ba,” in ji muryar. “Mu ma hanyar nan muke bi, malam. Da magariba muke sauka shan ruwa. Tsohuwarmu ba ta gani, da hannu take lalubar duwatsun. An kai ta bakin rami.”

Baba ya sunkuyar da kai. Malam ya yi tayin rago, ya yi tayin biyu. Muryar ta yi dariya da bakin Auta, ta ce tsohuwa ba ta dawowa da rago. A mayar da kowane dutse inda aka same shi kafin rana ta faɗi sau uku, kada ko ɗaya ya rage, zai fita.

Kwana biyu muna jida, ni da Baba, har kafaɗata ta sale. A rana ta uku ya sauka rafi, ya zaɓo wani farin dutse, ya goge shi da mai, ya ɗora a mararraba. Na ce Baba, ai ba shi ba ne. Ya ce dutse dai dutse ne, in na buɗe baki ni na kashe ƙanwata.

Da yamma malam ya sake zama. Muryar ba ta tambayi Baba ba. Auta ta juyo da rufaffun idanunta wajena.

“Kai, mai ƙafar zalɓe. Duk sun koma?”

Na dubi Inna, na dubi Baba. Na ce sun koma.

“To, na fita,” in ji shi. “In akwai giɓi, mu za mu cike.”

Auta ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce yunwa take ji. Inna ta fashe da kuka. Malam ya yi addu'a ya tafi. Mako guda muka samu. Ta yi dariya, ta tsokane ni, ta gyara mini maɓallin riga.

A rana ta takwas muka neme ta muka rasa. A mararraba na same ta, zaune kan tari na bakwai, ta ture dutsen Baba gefe, hannunta a miƙe yana nuna hanyar ruwa. Na kira ta, ba ta san ni ba. Na goyo ta gida, da safe ta koma. Muka kulle ta, ta yi ta buga kai da ƙofa har Inna ta buɗe da hannunta. Malam ya dawo ya yi karatu, ya ce babu kowa a jikinta da zai kora.

Shekara biyu ke nan. Ni nake kai mata abinci da bargo, in dawo da ita in duhu ya yi. Baƙi sun ƙaru, don labari ya bazu. Suna tsayawa su ɗauke ta hoto, wasu su ajiye mata alewa a cinya. Jiya ina tsugune ina share mata baki, na ji Baba yana tahowa da ayari, muryarsa a sake, yana cewa su ɗan ƙara himma, yarinyar tana nan gaba kaɗan, daga wajenta ne kallo ya fi kyau.