Sarƙar da Nomau Ya Gwada

Ku matso kusa. Kai Ilu, ajiye wayar nan, in ba haka ba na fasa.

Nomau maƙerin azurfa ne, abokin babana. Ran nan ya taso daga kasuwa shi kaɗai, magariba ta kawo kai, ya yanke ta burtalin shanu. Sai ga wani dogon tsoho tsaye a tsakiyar hanya. Ko sallama babu.

"Kai ne maƙeri?"

"Ni ne, Baba."

Ya danƙa masa wani koren dutse da aka sassaƙa kamar buzuzu, cikinsa duk zane. Sanyi ƙalau, sai ka ce daga randa aka tsamo shi.

"Daga Masar yake. A ƙirjin mamaci mutanenmu ke ɗora shi, don zuciyarsa ta yi shiru, kada ta tona masa asiri a lahira. Yi masa sarƙa. Gobe war haka, a nan."

Ya tafi. Amma da baya da baya ya tafi, jama'a, idonsa ƙur a kan Nomau!

Nomau ya so ya yar da dutsen, tsoro ya hana shi. Ya kwana ƙirjinsa na dukan uku-uku. Gari na wayewa ya hura wuta, ya ƙera sarƙa, ya maƙala dutsen a jikinta.

To, kun san halin maƙeri, ba ya ba da sarƙa sai ya gwada tsawonta a wuyansa. Hannu ne ya saba, sai kawai ya rataya ta. Dutsen ya sauka daidai kan zuciyarsa. Bugun nan ya tsaya cak. Ya fizge sarƙar, ya dafa ƙirji. Shiru.

Da magariba ya koma burtali. Tsohon ya karɓa, ya kara dutsen a kunne.

"Ka gwada."

"Kuskure ne, Baba. Don Allah mayar mini."

"Ba ya mayarwa. Ladanka ke nan, kai da tsoro har abada."

Haka kuwa aka yi. Nomau na ci, yana sha, yana aiki. Da matarsa Tasalla ta haihu, aka miƙa masa jaririn, ya dube shi kamar an miƙa masa itace. Ranar da mahaifiyar Nomau ta rasu, wallahi har yau abin na cina, ya ja babana gefe ya ce, "Na san ya kamata in yi kuka. Na nema, ban samu ba."

Saboda haka kada wanda ya bi burtalin nan shi kaɗai. In kuma an miƙo muku abu ba sallama, ku dunƙule hannu.