Shafin Nazifi da Ba a Ƙarasa Ba

Ku matso, ku rage murya. Ummita, kife wayar nan. Wannan ba jita-jita ba ce, na san mutumin. Ajinmu ɗaya a cibiyar koyon kwamfuta, a hawa na uku na tsohon benen nan da ke bayan kasuwar waya.

Nazifi sunansa. Irin mutanen nan ne da in ka yi musu sallama sai sun duba takalminka kafin su amsa.

Malaminmu ya ce kowa ya buɗe shafin intanet na kansa. Ya nuna mana manhajoji iri-iri masu aiki ɗaya: ka yi rubutunka, manhajar ta mayar da shi shafuka tsayayyu kamar bugun takarda, ka ɗora, shi ke nan. Ni a yini guda na zaɓi ɗaya, na sa hotunan ɗinkina. Nazifi ya leƙo, ya ja tsaki, ya ce wannan ai allon tallan masu koko ne. Nasa shafin, wai, daga ƙasashen waje za a riƙa kallo.

Wata uku yana zaɓe. Wannan ta yi nauyi. Waccan ta 'yan koyo ce. Ɗayar kuma kowane ƙazami yana amfani da ita. Ko layi ɗaya gwanin namu bai rubuta ba, ga shi saura kwana biyu a rufe karɓar aiki, wanda bai kawo ba kuma babu takardar shaida.

Ranar Laraba ce, rana tsaka. Kowa ya sauka cin abinci da sallar azahar. Baba Ilu mai gadi ya hau ya ce masa ya sauko, ba a zama a ɗakin nan mutum ɗaya a wannan lokaci. Nazifi ko kai bai ɗaga ba. Ya ce da tsoho ya san abin da ya dace, da ba a bakin ƙofa ya ƙare ba.

Baba Ilu ya juya ya sauka.

Can sai fanka ta tsaya. Akwai wuta fa, amma ta tsaya. Ɗakin ya ɗauki sanyi da warin rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba. Nazifi ya waiga, sai ga mutum zaune a kujerar kusa da shi, cikin farin kaftani mai karin guga. Bai ji buɗe ƙofa ba.

"Waɗannan manhajojin duk na yara ne," in ji mutumin. "Kai ba sa'ansu ba ne."

Leɓensa ne ke motsi, amma muryar daga bayan ƙeyar Nazifi take fitowa. Nazifi kuma ya lura da haka, da bakinsa ya gaya mana daga baya. Amma da yake yabonsa ake yi, sai wawan ya gyara zama.

Mutumin ya miƙa masa filas irin ta kwamfuta, sanyi kamar ƙanƙara. Ya ce manhajarsa ce a ciki, ba a taɓa ba kowa ita ba a garin nan. Nazifi ya soka ta a kwamfutarsa nan take.

Allo ya yi baƙi. Ya tambayi suna, Nazifi ya rubuta. Ya tambayi hoto, kafin Nazifi ya motsa kyamara ta ɗauka da kanta. Sai tambaya ta uku: sunan mahaifiya.

Nazifi ya ɗan dakata. Ya ce duk manhajojin da ya gwada babu mai tambayar wannan.

"Tawa tana tambaya. Shafin da ta gina ba ya sauka har abada. Rubuta."

Ya danna H. Ya danna A. Gwiwar hannunsa ta ture biro, ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauka.

Ƙafafun mutumin a juye suke. Dugadugai a gaba, yatsu a baya, dogaye, sun naɗe ƙafar kujera kamar na kaza. Nazifi na kallo, yatsa ɗaya ya warware, ya fara miƙowa wajen idon sawunsa.

"Saura kaɗan," in ji muryar, daga ƙarƙashin teburin.

Bai san yadda ya kai ƙofa ba. Da gindi ya gangaro matakala, babu takalmi, babu kwamfuta, wando jiƙe. Baba Ilu ne ya tare shi a ƙasa, ya yi ta tofa masa addu'a har ya iya faɗin sunansa. Da aka hau mutum biyar, ɗakin babu kowa, fanka na juyawa, kwamfutar a kashe, babu filas a jikinta.

Amma shafin ya hau. Malaminmu ya yi mako yana neman inda aka ɗora shi don ya sauke, bai samu ba. Sau ɗaya na buɗe. Hoton Nazifi ne yana murmushin nan nasa na raini, sunansa a ƙasa, sai haruffa biyu, sai ɗan layin nan yana ƙiftawa, yana jira. Na rufe, ban sake ba.

Har yau, da rana ta take tsaka, saƙo ke shigowa wayarsa daga lambar da ba ta nunawa. Kalma ɗaya ce: ƙarasa. Layin waya huɗu ya canza. Yanzu a gidansu ko baƙo ba a bari ya kira mahaifiyarsa da sunanta, gudun kada a ji.

Don haka, kai Sagir da kake cewa za ka shiga cibiyar nan, ka zaɓi abin da kowa ya zaɓa ka yi aikinka. In an ce a sauko, ka sauko. Kada ka yarda azahar ta same ka kai kaɗai a hawa na uku.